Na canza tayimin bel, mota ta koma wuyar tashi da farin hayaƙi. Ina matsalar take?

Mai Golf:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Don Allah masu sanin injin dizal ku taimaka min, kaina ya ɗaure. Motata Golf 4 ce, injin 1.9 TDI wanda ake kira ALH, mai giyar hannu. Shekara huɗu tana hannuna, ban taɓa murɗa mata makulli sau biyu ba, ana taɓawa take kamawa. Ranar Asabar na kai aka canza mata tayimin bel. Ba tsinkewa ya yi ba, lokacinsa ne ya yi, na ce gara in riga shi. An sa sabon bel, tanshina, rola da famfon ruwa.

Tun daga ranar ban sake gane kanta ba. Da safe sai na ja kik kusan daƙiƙa goma sha biyar, in saki, in sake ja, wani lokaci sai a na uku take kamawa. In ta tashi sai ta turnuƙe wurin da farin hayaƙi mai yaji a ido, warinsa na ɗanyen gas. Tana rawa a silo kamar minti biyu kafin ta daidaita. In ta yi zafi hayaƙin yana raguwa sosai, amma ba ta ja kamar da, kuma jiya fitilar cek injin ta kama. Na koma wurin makaniken, ya ce nozul ne suka gaji tun da can, sabon bel ne ya tona musu asiri, in kawo ya kwance su. Ni dai zuciyata ba ta kwanta ba. Me kuka gani?

Direban Dare:
Wa alaikumus salam. Hita fulog ne ɗan'uwa, kada ka wahalar da kanka. Wuyar tashi da safe da farin hayaƙi, ai ko a barci aka tashe ni amsar ke nan. Canza guda huɗun ka huta.

Injiniya:
Malam Direba, da girmamawa, ba na jin hita fulog ne. Injin TDI kai tsaye yake fesa mai cikin silinda, in ba sanyi mai tsanani ake yi ba yana tashi ko da hita ɗin duk sun mutu. Kuma hita fulog ba ya rage wa mota ƙarfi bayan ta yi zafi. Sannan a tambayi kai: yaya aka yi hita huɗu, ko nozul huɗu, suka zauna lafiya shekara huɗu, sai ranar da aka taɓa bel suka haɗa baki suka lalace tare? Ruwa ba ya tsami banza. Inda hannu ya taɓa na ƙarshe, nan ake fara dubawa.

Mai Golf, kafin komai ka ajiye motar. Kada ka ci gaba da yawo da ita, kuma kada ka bari a kwance nozul ko ɗaya. Ina da tambaya uku. Kana wurin lokacin da aka yi aikin? An buɗe murfin bawul? An sa mata kwamfuta bayan an gama?

Mai Golf:
Ina wurin daga farko har ƙarshe, Injiniya. Kwamfuta kam ba a sa ba. Murfin bawul ban tuna ba gaskiya. Abin da na gani da idona shi ne ya ɗauko farin fenti ya ɗiga a fuli uku da jikin injin, ya zare tsohon bel, ya ɗora sabo a kan makin fentin, ya ɗaure tanshina, ya ce in tayar.

Injiniya:
To fita yanzu ka buɗe bonet da tocila. Ka dubi notinan murfin bawul, sannan ka dubi ƙarshen injin ta ɓangaren giyabos, akwai wani famfo mai zagaye manne da tof silinda, babban tiyon burki yana fita daga jikinsa. Shi ne bakyum famfo. Ka gaya min, notinansa akwai alamar sifana ta hau su kwanan nan, ko ƙura da tsohon mai suna nan yadda suke?

Mai Golf:
Na duba. Ƙura ce daskare a kansu, har a cikin ramin notinan murfin. Na sa yatsa na goga, babu wanda ya taɓa su.

Injiniya:
Shi ke nan, gani ya kori ji. Ba a kulle kamshaf ba. A ALH ba yadda za a yi a sa farantin kulle ba tare da an cire bakyum famfo ba, domin tsagar da farantin yake shiga tana ƙarshen kamshaf, daidai inda famfon yake cin juyawarsa. Bari in yi bayani da ɗan tsawo, ku yi haƙuri, saboda wannan tambayar tana yawan dawowa.

A wannan injin bel ɗaya yana riƙe da abu uku da dole su yi tafiya tare: kiranshaf, kamshaf, da injekta famfo na Bosch. Kowanne da yadda ake tsayar da shi. Kiranshaf ana duba makinsa a jikin filawil ta wata 'yar taga a saman giyabos, maki ya zo daidai da tsinin da ke bakin tagar, wato fistin na ɗaya yana tof, ƙarshen hawansa sama. Kamshaf ana kulle shi da faranti ta baya. Injekta famfo kuma ana zura masa fil ta jikin fulinsa har ya shige ramin da ke jikin famfon. Sai ukun nan sun tsaya a lokaci guda sannan ake maganar bel.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne fulin kamshaf na ALH ba shi da ki, wato ɗan ƙarfen da ke tsayar da fuli a wuri ɗaya tak. Bakin kamshaf ɗin mai tsukewa ne kamar mazurari, fulin zama kawai yake yi a kai, noti ya matse shi. Da gangan aka yi shi haka. Ana sassauta notin, a ɓalle fulin daga mazauninsa ya zama yana juyawa shi kaɗai, a sassauta notina uku na fulin famfo, sannan a ɗaure tanshina. Yayin da bel yake miƙewa, fulayen ne za su ɗan matsa su bi shi, su kuwa kamshaf da famfo suna nan a kulle ba su motsa ba. Bayan haka a ɗaure notin kamshaf da sifana mai awo, ƙarfin ɗaurin ya kai Nm 45. In ba a yi haka ba, duk sakin da ke jikin bel, da zarar tanshina ta ja, sai ya janye kamshaf ko famfo daga inda ya kamata su tsaya. Fenti ba ya ganin wannan. Kaurin ɗigon fenti kansa ya kai digiri da yawa.

Ga lissafin. Fulin kiranshaf haƙori 22 gare shi, na kamshaf da na famfo 44, shi ya sa suke juyawa sau ɗaya in kiranshaf ya juya sau biyu. Raba 360 gida 22, za ka ga haƙori ɗaya ya haura digiri 16 na kiranshaf. A injin da gaba ɗaya lokacin fesa mansa a silo bai wuce 'yan digiri kaɗan kusa da tof ba, digiri 16 duniya ce guda.

Alamomin da ka lissafa na famfon da ya yi latti ne. Man yana shiga bayan fistin ya fara sauka, zafin matsewar iska ya fara raguwa, sai wani ya ƙone wani ya fita ta salansa ɗanye. Shi ne farin hayaƙin mai yaji. Da a ce famfon gaba ya yi fiye da kima, ba latti ba, da ƙara za ka ji mai kaifi kamar ana buga guduma a ƙarfe.

Baba Tsoho:
Salamu alaikum. Na karanta duka. Injiniya, Allah ya ƙara basira, maganarka a kan latti gaskiya ce, ni ma hancina can ya nufa tun daga warin hayaƙin. Amma kada a mai da fenti abin zagi. Na fi shekara talatin ina ɗaura bel a injin dizal, kafin a san wata kwamfuta. Da maki muke yi, da kunne muke gyara famfo. A sassauta shi, a ɗan karkata, a saurari injin, a dubi salansa, a ɗaure. Motocin nan sun yi tafiyar da wasu na yanzu ba za su yi rabinta ba. Matsalar yaron da ya yi aikin nan ba fenti ba ce, gaggawa ce. Bai juya injin da hannu ya sake duba makinsa ba. Mai Golf, ya juya ko bai juya ba?

Mai Golf:
Bai juya ba Baba. Yana gama ɗaurewa ya ce in ba ta wuta.

Baba Tsoho:
Innalillahi. To ka gode wa Allah. Injin dizal tsakanin fistin da bawul babu wurin wasa, wuri ɗaya suke amfani da shi, wannan ya fita wannan ya shigo. Duk wanda ya ɗaura bel dole ya sa sifana a notin kiranshaf ya juya zagaye biyu cur ta hanyar da injin ke bi, a hankali. In wani abu ya tokare, hannunka zai ji, ka tsaya. Kik kuwa ba ya ji, lanƙwasawa yake yi ya wuce.

Injiniya:
Baba, ranka ya daɗe, ai mu a wurinku muka gani. Juyawa da hannu kam ba ni da ja. Amma maganar kunne, a yi min afuwa, in kiɗa ya canza rawa ma sai ta canza. Famfon da kuke karkatawa a da, shi kaɗai yake yanke hukunci, abin da ka saita shi za ka ji. Na ALH kuwa birenbos ne a kansa, wato kwamfutar da ke sarrafa injin. Akwai sensa a nozul na uku da ke gaya wa birenbos daidai lokacin da allura ta ɗaga, shi kuma ya kwatanta da sensar kiranshaf, ya umarci wani bawul a ƙasan famfon, N108, ya tura tayimin gaba ko ya dawo da shi. Wato in ka yi kuskure kaɗan, birenbos zai rufa maka asiri, kunnenka ya ji injin lafiya lau alhali bawul ɗin yana can ya ƙure iyakarsa.

Kuma wannan ne ya bayyana dalilin da motarsa ta fi wahala wajen tashi. Abin da ke tura tayimin gaba a cikin famfon da matsin man cikinsa yake aiki. Lokacin da kik ke juya injin a hankali, matsin bai taru ba, birenbos ba shi da abin da zai gyara da shi. A daƙiƙun nan injin yana kan ainihin inda makanike ya ajiye shi ne. Da ta kama, matsi ya taru, sai a ɗan rufe ɓarakar.

Baba Tsoho:
Wannan bayanin na ƙarshe ya shige ni, ban taɓa kallonsa ta nan ba. Amma ina nan kan bakana cewa mai haƙuri da fenti ya fi mai gaggawa da akwatin kayan aiki. Na ga wanda yake da fil ɗin kulle na asali, ya zura shi a gefen ramin, ya ji ya tsaya ƙam, ya ɗauka ya shiga. Motar ko tari ba ta yi ba.

Injiniya:
Wallahi haka ne Baba, wannan tarkon yana nan a famfon ALH. Akwai sarari a gefen ramin da fil ke iya faɗawa. Shi ya sa nake sa ƙaramin madubi da tocila in ga ramin da idona kafin in zura.

Maman Yara:
Sannunku da ƙoƙari. Ni ba makanikiya ba ce, amma irin wannan ta taɓa faruwa da ni a wata motar dizal, na sha wahala wata guda. An canza min filtar mai, an wanke nozul, har batir na saya, ashe bel ɗin ne aka sa ba daidai ba. Abin da ya fi ƙona min rai, duk wanda na ce wa "lafiya ƙalau take kafin a canza bel" sai ya yi murmushi kamar na faɗi shirme. Mai Golf, ka riƙe wannan maganar da ƙarfi, kada wani ya kawar da kai daga kanta. Tambayata ga masana: ta yaya mutum zai san ko bawul ya riga ya taɓa fistin? Tawa daga baya sai da aka sauke tof silinda.

Direban Dare:
Hajiya in ya taɓa ai ba za ta tashi ba sam. Tunda tasa tana tafiya, babu komai.

Baba Tsoho:
A'a ɗana, kada ka ba shi wannan tabbacin. Taɓawa iri-iri ce. Akwai wadda za ta karya komai nan take, akwai ta sumba, wadda bawul zai ɗan lanƙwashe kaɗan, mota ta ci gaba da tafiya, bayan wata biyu ko uku kan bawul ɗin ya ɓalle ya faɗa cikin silinda, injin ya tashi aiki. A irin wannan injin bawul a tsaye yake sak a kan fistin, saboda haka dukan yana hawa sama ya sauka a kan tafet, ƙarfen da ke tsakanin kamshaf da bawul. In an buɗe murfi a goge saman kowane tafet da tsumma, a juya injin a dube su ɗaya bayan ɗaya, guda takwas ne. In ka ga tsaga siriri kamar saƙar gizo-gizo, ko tsakiyarsa ya ɗan kumbura, to an yi karo. Wannan bawul ɗin ba abin amincewa ba ne ko da kwamfireshan ya nuna lafiya.

Injiniya:
Ƙari a kan na Baba, a gwada kwamfireshan ta ramin hita fulog, da geji na dizal, ba na fetur ba. Littafin injin ya ba da bar 25 zuwa 31 ga mai lafiya, iyakar lalacewa bar 19, kuma bambanci tsakanin silinda da silinda kada ya wuce bar 5. Amma a bi abin daki-daki. Maki uku tukuna.

Ɗan Koyo:
Oga Injiniya don Allah tambaya. A garejinmu an kawo wata Passat 1.9 TDI, na nemi injekta famfo a layin bel ban gani ba. Ita yaya ake mata?

Mai Passat:
Irin tawa ce ke nan, PD. Ba ta da famfo a bel, kowane nozul da famfonsa a jikinsa, kamshaf ne ke danna su. Ni da aka canza min bel sai ta riƙa shan mai fiye da da, aka duba gida na 004 a VCDS, manhajar kwamfutar da ake duba motocin Volkswagen da ita, aka ga kamshaf ya ɗan kauce, aka sassauta notina uku na fulinsa aka gyara. Mai Golf ka ce a duba maka wannan.

Injiniya:
Malam Mai Passat, gyaranka daidai ne a motarka, amma kada mu haɗa masa biyu. Sunan 1.9 TDI ɗaya ne, injinan daban. A PD ana kulle kiranshaf ta gaba da ƙarfensa na musamman, kuma shi ma kala biyu ne, na fuli mai zagaye da na mai siffar ƙwai, in ka ɗauki wanda ba shi ba ka kauce. Ƙanena Ɗan Koyo, abin da za ka riƙe shi ne ka fara karanta lambar injin kafin ka ɗauki sifana. A injinan zamani masu bututun mai na bai ɗaya kuma, famfo matsi kawai yake tarawa, lokacin fesawa birenbos ne ke yanke shi daga sensar kiranshaf da ta kamshaf. Su in bel ya kauce, sau da yawa lambar P0016 za ka gani, ko ta ƙi tashi gaba ɗaya.

Shugaban Zaure:
Jama'a a dawo kan Golf. Mai tambayar PD ya buɗe nasa zaren daban, za a amsa masa.

Mai Golf:
Na gode ƙwarai. Na samu wani mai kayan kulle da kwamfuta, ya ce in kawo gobe. In tuƙa ta zuwa can ko a ja ta? Kuma me zan ce ya fara yi, don kada a sake yi min gyaran gangar Auzinawa?

Injiniya:
In da hali a ja ta, ko shi ya zo inda take. Ka ce ya fara karanta lambar matsala kafin ya goge komai, ka ɗauki hotonta. Sannan ya kawo makin filawil daidai, ya gwada faranti, ya gwada fil, kana tsaye. Wanda ya ƙi shiga shi ne mai laifi. Ya dubi tanshina kuma: ɗan kunnenta na baya ya zauna cikin raminsa, kuma tsagar da ke fuskarta ta yi daidai da tudun makin. Ta hannun agogo ake juya ta wajen ɗaurewa, in aka juya ta baya tana iya nuna kamar ta ɗauru alhali ba ta daɗewa. Abu ɗaya da zan roƙe ka: babban notin tsakiyar famfo, kada kowa ya kwance shi. Shi ma ba shi da ki, daga masana'anta aka saita shi. In aka kwance, ramin fil ɗin ya daina nufin komai, sai an kai famfon wurin masu gyaransa.

Mai Golf:
Ga ni na dawo da labari. Lambar da kwamfuta ta nuna ita ce 17656, wato P1248, mutumin ya ce ma'anarta lokacin fara fesa mai ya kauce daga abin da birenbos ke nema. Ya kawo makin filawil daidai. Faranti ya ƙi shiga sai da ya ɗan motsa kamshaf kaɗan, ya ce kaucewar ba ta kai rabin haƙori ba. Fil ɗin famfo kuwa ko kusa. Ya ba ni madubin na leƙa da kaina, ramin yana can gefe, sai da aka ƙara juya injin gaba sannan ya zo. Haƙori ɗaya cur famfon ya yi latti.

Ya zare bel ya sake ɗorawa yadda Injiniya ya faɗa. Fulin kamshaf ya ba shi wahala kafin ya ɓalle, da ya saki sai da ya yi wata ƙara tas, gabana ya faɗi na ɗauka wani abu ya karye. Ya juya da hannu zagaye biyu, maki ya dawo, faranti ya shige, fil ya shige. Baba, mun duba tafet takwas ɗin, sumul suke babu tsaga. Kwamfireshan 28, 27, 28, 26. Da aka murɗa makulli kafin in ƙifta ido ta kama.

Amma tsugune ba ta ƙare ba. A hanyar dawowa hayaƙi babu, rawa babu, sai dai motar ta zama kamar an ɗaura mata dutse. In na taka totur tana tafiya amma babu wannan turawar da turbo ke yi. Kafin gyaran yau ma ta fi haka ƙarfi. Anya ba wani abin aka sake ɓatawa ba?

Direban Dare:
Ka gani ko? Da ma na ce ba bel kaɗai ba ne. Turbo ɗinka ya tafi.

Baba Tsoho:
Kai Direba, ɗazu hita, yanzu turbo, so kake ka sayar masa da rabin injin? Turbo ba ya mutuwa shiru tsakanin safe da yamma. Mai Golf, ƙa'idar ɗazu ita ce ta yanzu. Me aka taɓa yau wanda ba a taɓa ba ranar Asabar? Bakyum famfo. Bi siraran tiyoyin da ke kusa da shi da yatsa, ɗaya bayan ɗaya. Roba ce ta shekara ashirin, ana ɗan ture ta take tsagewa. Sannan ka gaya min, burkinka ya yi tauri?

Injiniya:
Baba ya riga ni. Turbon ALH mai fukafukai ne a ciki, kuma iskar zuƙa ce ke motsa su ta hanyar bawul N75. In zuƙar ba ta isa ba, fukafukan suna zama a buɗe, mota ta koma kamar ba ta da turbo, ba hayaƙi ba ƙara. In da babban tiyon iska ne na intakula ya zame, wanda shi ma ana cire shi wajen aikin bel, da za ka ji huci kuma ka ga baƙin hayaƙi. Ka duba soket ɗin sensar iska da ke bayan akwatin filta ma, ana mantawa da shi. In ido bai gano ba, gida na 011 a kwamfuta zai nuna matsin da ake nema da wanda ake samu.

Mai Golf:
Burki lafiya lau Baba. Amma na samu! Wani siririn tiyo da ya fito daga jikin babban tiyon burki, bakinsa ya tsage tsawonsa kamar rabin gaɓar yatsa, ta ƙasa inda ido ba ya gani. Sai da na lanƙwasa shi tsagar ta buɗe baki. Na yanke wurin da reza na mayar, na zaga da ita, ƙarfi ya dawo har ya fi yadda na saba. Zan canza tiyoyin duka in Allah ya yarda, na ga sauran ma sun bushe.

Injiniya:
Madalla. Saura abu ɗaya, kuma kada ka bar shi don ka ji mota tana tashi. Fil yana kai famfo kusa ne kawai, inda injin zai kama. Saitin ƙarshe da kwamfuta ake yi, injin yana silo, ruwansa ya haura digiri 85. A VCDS ana shiga saitin tushe, gida na 000, a kwatanta lamba ta biyu da ta tara, wato tayimin da zafin mai, a ga ko ya faɗa tsakanin layukan jadawalin. In bai faɗa ba, a kashe injin, a sassauta notina ukun fulin famfo, a motsa shi ɗan kaɗan, kaurin farce ma ya isa ya canza lambar sosai. Ya yi maka wannan?

Mai Golf:
Bai yi ba, dare ya yi mana, injin kuma ya huce. Ya ce in dawo da ita da zafinta.

Maman Yara:
To shi makaniken farko fa? Ka koma ka gaya masa? Ba don faɗa ba, don kada gobe ya yi wa wani.

Mai Golf:
Na kira shi Hajiya, na tura masa hoton ramin fil ɗin. Da farko ya ce bel ɗin ne ya yi tsalle da kansa. Na ce to yaya aka yi ya tsallake a famfo kaɗai, tanshina kuma tana ɗaure? Ya yi shiru, can ya tambaye ni inda ake samun farantin.

Ɗan Koyo:
Oga Injiniya, in an gama saitin, layin tsakiya ake so ya hau ko sama da shi? Ogana yana cewa sama kaɗan ya fi daɗin tashi da safe.

Injiniya:
Ko'ina tsakanin layin sama da na ƙasa ya halatta. Da yawa suna barinsa tsakanin na tsakiya da na sama saboda dalilin da ogan naka ya faɗa, ni ma haka nake yi. Kada dai ya haura na saman.

Mai Golf:
An yi saitin yau da rana. Da farko ya faɗo ƙasa da layin tsakiya, ya motsa shi sau biyu, na farko ya zarce, na biyu ya zauna ɗan sama da tsakiya. An goge lambar, ba ta dawo ba. Na bar ta ta kwana a waje da gangan, da asuba na murɗa sau ɗaya ta kama, na zaga baya na tsaya kusa da salansa ban ga komai ba. Baba Tsoho, Injiniya, Hajiya, Allah ya saka da alheri. Malam Direba, hita fulog ɗin ma mun gwada su tunda an riga an cire, guda ɗaya ya mutu, na canza shi.

Direban Dare:
To ai ka ga ban faɗi ƙasa banza ba.